Wai Mujallar Adabi ta Jami'a Tana da Amfani Yanzu?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni marubuciya ce, ina sakin labaraina a Facebook da guruf na WhatsApp kuma alhamdulillahi ana karantawa. To wata ƙawata ta dame ni wai in tura gajeren labari wa mujallar adabi ta wata jami'a, ta ce sai na jira watanni kafin su amsa. Ni dai ban ga riba ba, wa ma yake karanta su?
Daga wata mai karatu, Zariya

AMSA: 'Yar'uwa, gaskiyarki ta wani ɓangaren, in dai yawan masu karatu ne to Facebook ya fi su nesa ba kusa ba. Amma abin da za ki samu a can edita ne, mutumin da zai zauna da labarinki ya ce wannan shafin cire shi, nan kin yi gaggawa, abin da 'yan guruf ba za su taɓa faɗa miki ba, su dai "Aunty next page" kawai.

Kuma kar ki raina su. A 1958 marubuci J.P. Clark yana ɗalibin jami'a a Ibadan ya fara The Horn, 'yar mujalla ce ta waƙoƙi mai 'yan shafuka, amma a cikinta aka buga Wole Soyinka da Christopher Okigbo tun ba a san su sosai ba. Chinua Achebe ma ya kafa mujallar Okike a 1971 bayan yaƙin basasa. A Amurka akwai Prairie Schooner ta Jami'ar Nebraska, tun 1926 take, Kwame Dawes haifaffen Ghana ya zama editanta a 2011 kuma ta hannunsa mawaƙan Afirka da dama suka samu aka buga musu littafi. Yawanci jami'a ce ke ɗaukar nauyin irin waɗannan mujallu shi ya sa ba ruwansu da ko labari zai yi kasuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne harshe. Duk waɗannan da Turanci suke, in da Hausa kike rubutu sai an fassara. Namu na gida kuwa yawanci mujallun nazari ne, malamai ke zuba takardu don ƙarin girma, filin ƙirƙira kaɗan ne, abin na ci min tuwo a ƙwarya wallahi.

Ki zaɓi labari ɗaya da ba ki taɓa sakawa a intanet ba, don da yawansu ba sa karɓar wanda ya riga ya fita ko da a shafinki ne. Ki duba ko suna cajin kuɗin turawa, wasu na karɓar 'yan daloli. Sai ki tura ki ci gaba da harkarki a guruf.