Yara biyu SS, amma ciwon ɗaya ya fi tsanani

Tambaya: Wata uwa daga Maradi ta rubuto: "Ƴaƴana biyu duka SS ne. Babban kusan duk wata muna asibiti, ƙaramar kuwa sai ta shekara lafiya lau. An ce kwamfuta na karanta ƙwayoyin gado ta faɗi wanda ciwonsa zai yi tsanani. Gaskiya ne?"

Amsa: Hajiya, Allah ya ba su lafiya. Tushen amosanin jini, wato SS, harafi ɗaya ne tak cikin haruffa kusan biliyan 3 na DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado: a ƙwayar gadon HBB da ke kan kromosom na 11, inda ya kamata a karanta GAG sai aka samu GTG. Yaranki duka suna da shi, kuma gwajin jini na elektroforez ya isa ya nuna hakan.

Bambancin tsanani daga wasu wurare yake zuwa, nan ne aikin kwamfuta. Ana ciro DNA daga jini, na'ura ta karanta shi guntu-guntu, haruffa kamar 150 kowane guntu, a maimaita kowane wuri sau 30. Manhaja ta jera guntayen a kan tsarin gadon ɗan Adam da ake gwaji da shi, GRCh38, ta fito da bambance-bambance miliyan 4 zuwa 5 a mutum guda, galibinsu ba ruwansu da cuta. Ta hanyar kwatanta dubban mutane aka gano rawar ƙwayar gadon BCL11A, wadda bayan haihuwa ke dakatar da samar da HbF, wato irin haemoglobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini) na jarirai. Wanda har yanzu yake da HbF mai yawa a jininsa, ciwonsa kan yi sauƙi. Mai yiwuwa abin da ƙaramar ta gada ke nan.

Batun hasashe kuwa, a yi hattara. Manhaja mai koyo daga misalai abin da aka ciyar da ita kawai ta sani, kuma mafi yawan bayanan gado da ke hannu na Turawa ne, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin gado. Ga shi ba ta ganin zazzaɓin cizon sauro, sanyin hunturu ko ƙishirwar bazara, waɗanda ke cikin abubuwan da ke tayar da ciwon a nan. Yau dai aikin bincike ne, bai kai a dogara da shi a asibiti ba.

Ki roƙi likita ya auna HbF na kowannensu, ki kuma tambaye shi ko babban ya cancanci maganin hydroxyurea, wanda ke ƙara HbF.