Wai Zan Durƙusa Maka, Maigida?

Maigidana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ce ta karanta mini tun ban gama neman tabarau ba. Wai in Allah ya sa ka zama Fada, ni ma zan durƙusa a gabanka in karɓi albarkar farko kamar yadda ka ga iyayen wani sabon firist sun yi a hoton da ke yawo a waya? Kuma wai me ya sa ake yin haka? Na yi dariya har tari ya kama ni. Wato sakina za ka yi ka tafi seminari, makarantar horar da firistoci, sannan in jawo wannan gwiwa mai ciwo in zo in durƙusa maka. To madalla. Amma da dariyar ta lafa jikina ya yi sanyi, don a duk cikin sha'anin kiran Allah, durƙuson mutane ne ya fara ɗaukar idonka.

Lokacin da muke yara, in an ce Fada to Bature ake nufi. Babana katikis ne, ka sani, shi ke buga ƙararrawa, shi ke koyar da addu'a, shi ke binne matattu, domin Fada sai a daɗe bai zagayo ba. Yakan gaya mana cewa tun 1920 aka naɗa baƙar fata ɗan Najeriya, Fada Paul Emecete, mu kuwa mu ɗauka tatsuniya ce, tunda idonmu bai gani ba. Kowane dare sai ya sa mu roƙi Ubangijin girbi ya aiko da ma'aikata. Da Paparoma Bulus na Shida ya ware wata Lahadi ta lokacin Ista a 1964 domin wannan roƙo, wadda ake kira Lahadin Makiyayi Mai Kyau, Baba ya yi ta murna kamar shawararsa aka bi. Aka buɗe babbar seminari ta Santa Agustin, wadda ke Jos yanzu, a 1967. A 1969 kuma Paparoman ya je Kampala ya ce wa mutanen Afirka yanzu su ne masu kai wa kansu bishara. Baba ya riƙe maganar nan har ya koma ga Ubangiji, duk yaron da ya zo koyon taimakon Fada a bagade sai ya maimaita masa.

Ranar da nake so in ba ka labari kuwa ita ce 14 ga Fabrairu, 1982, a Kaduna. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo, ko shekara ba a yi ba da harbinsa a Roma, kuma a ranar zai naɗa firistoci da hannunsa. Archbishop Peter Jatau ne mai masaukin baƙi. Babanka yana goye a bayana. Tun duhun asuba muka isa filin, hazo ya rufe ko'ina, mutane kamar ƙasa, kana tsaye ba ka ganin ƙafarka. Paparoman da muka zo gani, ɗan farin abu ne can nesa, sai murya a lasifika. Kusa da ni akwai wata tsohuwa da ban sani ba, ta riƙe cazbinta tana ta miƙa wuya. Ashe ɗanta na cikin waɗanda za a naɗa.

Aka kira su, suka amsa. Aka tambaye su alkawari, har da biyayya ga bishof ɗinsu da duk wanda zai gaje shi, mutumin da ba su ma san ko wane ne ba tukuna. Sai aka fara roƙon tsarkaka, ana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya muna amsawa a yi mana addu'a. Nan ne samarin suka kwanta rub da ciki, fuska a ƙasa, fararen riguna jere. Tsohuwar ta kama hannuna ta ce, 'yar nan, ban gane nawa ba. Ta duba, ta sake dubawa. Ɗan da ta haifa, ta goya, ta san tafiyarsa ko a duhu, amma da suka kife ba ta iya ware shi daga 'ya'yan wasu ba. Ta yi ta kuka, ni ma na taya ta ban san dalili ba, babanka ya farka ya shiga sahu, muka zama mu uku. Bayan haka aka ɗora musu hannu a ka, ba mai magana, aka shafa musu mai mai tsarki a tafin hannu.

Da aka tashi ban rabu da ita ba, don ta riƙe gefen zanena kada turmutsutsu ya kayar da ita. Da ƙyar muka same shi. Tana ganinsa ta zube. Shi kuwa sabon Fadan ya rikice, ya sunkuya zai ɗaga ta yana cewa Mama tashi, hawaye na zuba a kan sabuwar rigarsa. Ta buge masa hannu ta ce, kai, yi aikinka. Ya ɗora mata hannu yana rawar jiki, kalmomin albarkar ma da ƙyar suka fita. Tana miƙewa ta fara yi masa faɗa wai ya rame.

Da na ba Baba labari sai ya ce, ai ba ɗanta ta durƙusa wa ba, hannun da aka shafa wa mai ne, kuma wanda bai fara kwanciya a ƙasa ba bai isa a durƙusa masa ba. Wata maganarsa kuma da yake yi wa iyaye ita ce, ɗan da ka ba Allah kada ka tsaya a ƙofar coci kana jiran canji.

Yau da Baba zai leƙo, da ya sha mamaki. Seminarori sun cika. Ta Bigard da ke Enugu tana cikin mafi girma a duniya. A Turai masu shiga seminari raguwa suke yi, a Afirka suna ƙaruwa, har 'ya'yanmu ne ke riƙe da coci-coci a Ailan da Amurka, ƙasashen da a da su ke aiko mana. Ƙungiyar 'yan mishan ta Santa Bulus da Kadinal Dominic Ekandem ya kafa a 1977 aikinta ke nan, aika namu waje. Addu'ar tsofaffi ta karɓu, ban musa ba.

Sai dai akwai abin da ke ci mini rai. Na ji uwa da kunnena tana cewa gara yaronta ya shiga seminari tunda aiki ya yi wuya. Na ga bikin naɗi da aka fi maganar motar da za a ba sabon Fada fiye da Mas ɗin kansa, dangi sun yi layi, albarkacin kaza ƙadangare zai sha ruwan kasko. Yaro kuma in ya gane a tsakiyar hanya cewa kiran ba nasa ba ne ya dawo gida, sai a bi shi da ido kamar ya yi sata, alhali shekarun ma don tantancewa aka tsawaita su. Wanda ya fita da gaskiya ya fi wanda ya zauna don kunyar uwarsa. Su kuma 'yan mata da ke son zama Sista, wa ke yi musu biki? Sistocin da suka koya mini karatu suka kuma karɓi haihuwar rabin tsararrakina, babu wanda ya taɓa durƙusa musu, ba su kuma nema ba. Sista takan yi shekaru da alkawarin wucin gadi kafin a bar ta ta yi na har abada, talauci da tsarki da biyayya, ta gama ta koma asibiti ko aji da safe kamar ba a yi komai ba.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne, Maigida. Akwai shekarun falsafa, akwai na tauhidi, akwai shekarar da za a tura ka aiki inda ba ka zaɓa ba, duka sai su doshi tara ko goma. Dokar Ikilisiya ba ta yarda a naɗa firist kafin ya cika shekara 25 ba, kuma sai ya yi dikon tukuna, wato matakin da ke ƙasa da firist. Aure babu, har abada. Kuma kai ba yaro ba ne da zan ɓoye maka: a Janairun 2020 an sace ɗaliban seminari ta Makiyayi Mai Kyau a Kaduna, aka kashe Michael Nnadi yana da shekara 18, kusan sa'anka. 'Yan uwansa sun koma aji bayan haka. Su nake so ka yi tunani a kansu kafin ka yi tunanin gwiwata.

Ba hana ka nake yi ba, wace ce ni. Amma ƙanwarka ta ce mini Mas ɗin safe na ranakun mako ba ya ganinka, sai na Lahadi mai kiɗa. Fara daga nan. Je ka sami Fadan da bishof ya ɗora wa kula da masu neman shiga seminari, ka gaya masa gaskiyarka duka, har da yarinyar nan ta ƙungiyar mawaƙa da kake tsammani ban sani ba. Ka gama jarrabawarka da kyau, don ba sa ɗaukar rago. Mahaifiyarka kuma ka gaya mata da bakinka kafin ƙarshen makon nan, in ba haka ba ƙanwarka za ta riga ka, ka san bakinta ba ya riƙe magana.