Slm, ykk, lfy: wai wane yare ne yaranmu ke rubutawa a waya?

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon duk kusan hanya ɗaya suka bi, to bari in haɗa su wuri guda.

Ta farko daga wani dattijo ne a Runjin Sambo, ya ce: "Malam, ɗiyata da ke karatu a jami'ar Ɗanfodiyo ta turo min saƙo wai 'slm baba ykk y gd ftn kn lfy ngd da kudin', na juya wayar nan sama da ƙasa ban gane komai ba sai baba da kuɗin. Wannan kuma wane yare ne?"

Baba ai Hausa ce tsantsa, wasula kawai aka zare mata aka bar baƙaƙe tsirara. Abin da yarinyar ke cewa shi ne: salamu alaikum baba, yaya kake, ya gida, fatan kana lafiya, na gode da kuɗin. Ka ga ma yarinya mai ladabi ce, har da godiya. Dabarar ita ce ka ɗauki baƙaƙen ka riƙa cusa musu a, i, u a baki har ka ji kalmar da ta dace da zancen ta faɗo. Slm sallama, amsarta wslm. Ngd na gode, gsky gaskiya, sbd saboda, mgn magana, ynz yanzu, hkr haƙuri, wlh wallahi, mlm malam, kwn2 kuwa kwana biyu. In ka ga lol ko pls ko tnx to su ba namu ba ne, aro ne daga Turanci, na farko dariya ce, na biyu don Allah, na uku godiya.

Kuma ni abin bai ba ni mamaki ba a garin nan na Sakkwato, mu da muka tashi muna ganin malamanmu a zaure suna karanta littafin Larabci babu fataha babu kisira ba tare da sun yi tuntuɓe ba, don sun san kalmomin tun kafin su gan su a takarda. Haka yaran nan suke da slm da lfy. Sai dai fa ga inda gizo ke saƙar, Larabci an gina shi ne a kan saiwar baƙaƙe, Hausa kuwa ba haka take ba, wasali da karin sauti su ke ɗauke da rabin ma'ana. Rubuta gd ka ba mutum biyar, wani ya ce gida, wani gudu, wani gado, wani gada, ɗan Illela ma ya ce maka ai sunan garin Gada ne makwabtansu. Shi ya sa taƙaitawar ta fi aiki a gaisuwa, inda kowa ya riga ya san abin da za a ce.

Akwai wani abu da ke ba ni dariya a lfy ɗin nan. Basakkwace in ya buɗe baki lahiya yake cewa, lahiya lau, amma da ya ɗauki waya sai ya rubuta lfy da f irin ta Kanawa, ban taɓa cin karo da lhy ba. Haka ykk, mu da ke cewa ƙaƙa kake, da mun bi bakinmu ai kk kk za mu rubuta, mutum ya ɗauka dariya ake masa. Wato ko a nan ma daidaitacciyar Hausa ce ta ci kasuwa ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. Ykk ɗin kuma tana da wata fa'ida ga masu tura saƙo ɗaya ga mutum hamsin ranar Juma'a, ba ta nuna kake ne ko kike ko kuke, kowa ya karanta nasa.

Tambaya ta biyu wata malamar firamare ce daga Mabera, ta ce ɗalibanta suna rubuta mata xan xo da qasa da haquri har a takardar jarabawa, daga ina x da q suka shigo Hausa?

Malama, a abacadan Hausar boko babu x babu q, wannan gadon wayar maɓalli ne. Lokacin da GSM ya shigo Najeriya a 2001, su Nokia 3310 ake yayi, maɓallin lamba 9 shi ke ɗauke da w, x, y, z, in kina son z sai kin danna sau huɗu, x kuwa sau biyu kacal, a ganina nan zan ya koma xan, zuwa ta koma xuwa, daga baya ya zama gayu a zamanin manhajar hira ta 2go har aka manta dalilin. Ga kuma saƙon tes ɗaya harafi 160 ne iyakarsa, in ka wuce ko da ɗaya an caje ka kuɗin biyu, to wa zai tsaya rubuta assalamu alaikum warahmatullah da katin ɗari? Ita q labarinta daban, kuma ni ina ɗan tausaya mata. Wayoyin ba su da ƙ mai lanƙwasa, sai yara suka nemi abin da zai raba ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, suka ɗauko q, wanda ke nuna kunnensu na jin bambancin sarai. Har yau ma in ka saka ƙ ko ɗ a tes, iyakar saƙon kan sauko daga 160 zuwa 70. Amma a WhatsApp babu wannan lissafi, kuma wayoyin yanzu akwai allon rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, don haka a jarabawa ki ja jan biro kawai, ki nuna musu wannan na hira ne wancan na aji.

Wani kuma ya tambaya a kan SAW da SWT da ake sawa bayan sunan Annabi da na Allah. Hukuncin na malaman addini ne ba nawa ba, abin da zan ce kawai malaman hadisi irin su Ibnus Salah tun ƙarnoni da suka wuce sun ƙi a taƙaita salati a rubuce, ni dai cikakke nake rubutawa.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi a Arkilla, ya ce abokinsa ya turo masa "sauri ya haifi nw" da ya matsa masa a kan bashi, shi kuma ya amsa da "ban sani ba, nawa ya haifa?" aka yi ta masa dariya a guruf, wai mene ne laifinsa.

Ɗana laifinka kaɗan ne, rubutun boko ne ya yaudare ka tun kafin a zo ga nw. Nawa uku ce a Hausa kuma duk iri ɗaya ake rubuta su. Akwai ta tambaya, nawa ne kuɗin, wasulanta duka gajeru. Akwai ta mallaka, littafin nan nawa ne, ana jan na ɗin farko. Sai ta karin maganar, wadda ake jan wa ɗin ƙarshe, ma'anarta jinkiri ko rashin hanzari, irin a ce wance nawa gare ta wajen girki. To sauri ya haifi nawa na nufin garaje shi ke jawo jinkiri, kamar ka fito a guje za ka tasha ka manta kuɗin mota a aljihun wata riga, dole ka koma gida, wanda ya fito a natse ya riga ka samun kujera. Abokinka cewa yake ka bi shi a hankali. Ko zai biya ɗin, wannan kuma ba fannina ba ne, ka tura masa "ynz nk so" ka ji abin da zai ce.