Tambaya da Amsa: Fitilar cek ta kunna, an ce laifin man 91 ne

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Camry ƙirar 2008, shigowar Amurka, da ita nake jigila tsakanin Makka da Jidda, da ita nake ciyar da iyali. Fitilar cek, wato ta gargaɗin matsalar inji, ta kunna, aka sa mata kwamfuta ta nuna lambar P0420. Wani ya ce don ina zuba mata koren mai ne, 91, in koma ja. Na koma 95, fitilar ta mutu, bayan mako guda ta dawo. Yanzu wani bakanike a sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci, ya ce in kawo ya fasa dabbar, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, ya zubar da abin cikinta, ko riyal ɗaya ba zai karɓa ba. Ga fahas ɗina, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, ya ƙarato, hankalina a tashe yake. Man ne ya kashe ta? In bari a fasa? Daga wani direba a Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, matuƙar fitilar a tsaye take ba ƙyaftawa take yi ba, motar za ta ci gaba da aiki har ka gama bincike. In ta fara ƙyaftawa kuwa, wannan filogi ne ke fashi, ɗanyen mai na gangarawa salansa yana ƙonewa a cikin dabba. A nan sai ka faka.

Man 91 bai kashe maka dabba ba. Littafin motarka ya ce 87, amma ma'aunin Amurka ne, kuma 87 ɗinsu shi ne wajen 91 na gidajen manmu. Ke nan koren mai shi ne abincinta. Waɗanda ya kamata su kula su ne masu tsofaffin Lexus da makamantansu shigowar Amurka, waɗanda littafinsu ya ce 91. Wannan 91 ɗin 95 ne a nan, kuma da yawa sun shekara suna zuba kore suna zaton sun bi littafi.

Lambar 91 ko 95 juriyar mai ce ga fashewa kafin filogi ya kunna shi. Ba ƙarfi ba ce, ba tsabta ba ce. Inda take shafar dabba a kaikaice ne. Tsohon inji da kunkunniya ta taru a kan fistin, ga zafin Makka, ga na'urar sanyi a kunne, ga hawan Hada zuwa Ɗa'ifa da mota cike, yana iya fara ƙas-ƙas ɗin nan da ake kira sarga'a. Sensar da ke jin ƙarar za ta sanar da kwamfuta, ita kuma ta jinkirta taimin, hayaƙi ya riƙa fita da zafi fiye da ƙima. Shekara da shekaru a haka yana tsofar da dabba. In kana jin wannan ƙara a hawa, zuba 95 lokacin zafi, bambancin halala 15 ne a lita, 2.18 da 2.33, cikon tankinka mai lita 70 bai kai riyal 11 ba. Amma 95 ba ya wanke dabba, ba ya tayar da wadda ta mutu.

To me ya kashe fitilar mako guda? Kwamfutar na gwada dabba a yayin tafiya, in ta ci gwajin sau uku a jere sai ta kashe fitila da kanta. Dabbar da ke gab da gajiya takan ci gwaji in ta yi zafi sosai a doguwar hanya, ta faɗi a cunkoson cikin gari. Abin da ya faru ke nan.

P0420 cewa kawai take yi sensar bayan dabba ta ga hayaƙi bai canja yadda ya kamata ba. Kafin ka sayi komai, a duba ko da wasu lambobi tare da ita: P0300 zuwa P0304 na fashin filogi ko kwayil, P0171 da P0172 na ƙarancin mai ko yawansa, P0136 da P0141 na ita kanta sensar bayan. A gyara waɗannan tukuna. A duba yoyon salansa kusa da sensar, tsaga ƙarama na jawo iska ta rikita lissafi. Sannan in inji ya yi zafi, a riƙe shi a juyi 2,500 a minti a kalli sensar baya a kwamfuta. Lafiyayyar dabba takan sa ta zauna kusan wuri ɗaya, wajen bolt 0.6 zuwa 0.7. In tana tsalle da sauri daga 0.1 zuwa 0.9, dabba ta gaji. Ka kuma auna baƙin manka duk kilomita 1,000, domin injin 2.4 na Camry na waɗannan shekaru an san shi da shan baƙin mai ta ringi, tokarsa kuma tana shafe saƙar cikin dabba. Haka ruwan lagireto in gaskit na yoyo. Wanda ya sa sabuwar dabba bai tsayar da wannan ba, ya bar jaki yana dukan taiki, wata shida zai dawo da lambar nan. Kwalaben ƙara lambar mai da ake sayarwa kuma ka guje su, wasu na ɗauke da manganis, wanda ke barin jar tsatsa a filogi da sensa da dabba.

Yanzu maganar fasawa, wadda ita ce ta fi damuna, don kusan kullum sai an zo min da ita. Malam, kar ka yarda. Ka tambayi kanka, yaushe bakanike ya fara aikin walda kyauta? A cikin saƙar nan akwai filatinom da faladiyom da rodiyom, ƙarafa masu tsadar gaske, kuma akwai masu saye a tashlih, inda ake wargaza tsofaffin motoci a sayar da kayansu. Ko dabbar ta gaji, ƙarafan suna nan. Zai zuba su a buhu, ya liƙe maka fanko, kai kana godiya shi yana lissafin riba. Sai ya ce maka mota za ta yi numfashi, za ta ƙara gudu, za ta rage shan mai. In dabba ba toshewa ta yi ba, babu abin da za ka ƙaru da shi sai ƙara da wari. Toshewa kuwa ana gane ta: mota ta kasa hawa, ta shaƙe in an taka, kuma ana aunawa da ma'aunin matsin hayaƙi a ramin sensar gaba. Lambar ma ba za ta tafi ba, don fanko ba ya cin gwaji. Shi ya sa suke ɗaura wa sensar baya wani ɗan bututu ya nisanta ta daga hayaƙi, ko su shiga kwamfutar su goge gwajin, wasu ma ƙwan fitilar suke cirewa. Daga ranar motarka ta daina gaya maka gaskiya, in ƙwan aka cire, ko filogi ya fara fashi ba mai sanar da kai.

Abin da ba sa faɗa shi ne aikin da dabbar ke yi. Ita ke ƙone iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Farkonta ciwon kai da jiri da barci. Kai direba ne, ka san yadda 'yan'uwanmu ke kwantar da kujera su yi barci da inji a kunne saboda sanyi, suna jiran fasinja a wuraren ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa. Ka san ramukan duwatsun Makka lokacin Ramadan da Hajji, mota bayan mota, ga masu tafiya a ƙasa. Tsohuwar mota ba ta rasa huda a salansa ko robar but da ta saki. Ko da dabba lafiya lau, barci a rufaffen wuri da inji a kunne haɗari ne, ina ga an fasa ta? Fasinjan da ya shiga motarka da tsohuwarsa da jaririnsa amana ce a hannunka, bai san abin da aka cire a ƙarƙashinsa ba. Masu fasawar nan ina jiye musu tsoron haƙƙin mutane, domin sun san abin da suke yi.

A fahas kuma ana auna hayaƙi, fanko na iya kayar da kai, ka biya kuɗin sake gwaji, sabunta istimara, wato rajistar mota, ya tsaya, ƙarshe ka sayi dabbar da ka guje wa saye. Goge lamba a bakin ƙofa ba ya canja abin da ke fita daga salansa.

In bincike ya tabbatar ta mutu, nemi ta asali ko ta kamfani sananne mai dacewa da injinka. 'Yar ƙaramar nan mai arha ƙarafan cikinta kaɗan ne, takan dawo da P0420 cikin watanni. In ta tashlih za ka saya, haska tocila ta baki biyu ka ga saƙar a cike ba narkewa, ka girgiza ka ji ba ta kaɗawa. Ka tsaya a yi aikin a gabanka, tsohuwar kuma ka karɓi abarka ka sayar da kanka, kuɗinta zai rage maka wani abu a kan sabuwar.