Na haddace insha'i goma, amma D7 nake samu a Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a babbar sakandare, daga Funtuwa. WAEC ta matso, ga shi a jarrabawar gwaji D7 na samu a Turanci, alhali na haddace wasiƙu da insha'i kusan goma, kuma kullum ina kwafo manyan kalmomi daga ƙamus ina bita. Aikin jinya nake son karantawa. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Ki kwantar da hankalinki, D7 maƙwabciyar C6 ce, kuma daga C6 ake fara lissafin kiredit ɗin da jami'a da makarantar jinya suke nema. Matsalar tana cikin abin da kike ganin shi ne ƙoƙarinki, wato haddar. Hadda ta yi mana rana a makarantar allo, amma wannan jarrabawa so take ta ga jimlar da kika ƙera da kanki, a kan batun da ba ki san za a kawo ba.

Turancin WAEC a Najeriya takarda uku ne. Ta farko tambayoyin zaɓi 80 ne, maki 40. Ta uku ta furuci ce, tambayoyi 60, maki 30. Ta biyu ita ce uwa, maki 100 cikin awa biyu: insha'i 50, fahimtar labari 20, taƙaitawa 30.

A insha'in, ana son kalmomi aƙalla 450. Ana ba da maki 10 kan abin da kika faɗa, 10 kan tsari, 20 kan yadda kika sarrafa harshen, 10 kuma kan tsabtar rubutu. A wannan na ƙarshen, duk kuskure ɗaya, na harafi ko aya ko nahawu, rabin maki yake ci. Kuskure 20 kawai, goman ta tafi, kuma na sha ganin ta ƙare tun ba a bar shafin farko ba. Doguwar jimla mai manyan kalmomi ita ce ta fi jawo wannan asara, domin da wuya ɗalibi ya kai ƙarshenta bai yi tuntuɓe ba. Shi kuwa insha'in da aka haddace, mai duba takarda yana gane shi nan take: sakin layin farko Turancin littafi, na biyu ya rikice, kuma bai amsa tambayar da aka yi ba.

Akwai kurakuran da Hausarmu ce take leƙowa ta ƙarƙashin Turancin, kuma wannan ba abin kunya ba ne, abin lura ne. A Hausa lamiri ne, wato 'yar kalmar da ke gaban aikatau, yake ɗauke da lokaci: ya karanta, yana karantawa, zai karanta. A Turanci aikatau ɗin ne yake sauyawa, shi ya sa ɗalibanmu suke mance "ed" da "s" a ƙarshen kalma, su rubuta "yesterday he walk". Kalmar "ji" a wurinmu ta haɗa sauti da wari da ɗanɗano da fahimta, sai ki ga an rubuta "I am hearing smell". "Ara mini" ya koma "borrow me", alhali "lend" ake so. Muna shan magani ko da ƙwaya ce, su kuwa "take" suke cewa. Ki buɗe littafi guda, duk kuskuren da malaminki ya ja wa jan biro ki rubuta shi tare da gyaransa. Za ki tarar 'yan kaɗan ne suke ta maimaita kansu.

Taƙaitawa ce ta fi ba ni takaici, don maki 30 ne da ake zubarwa a banza. Galibi jimloli shida ake nema, kowace maki 5. Wanda ya kwafo jimlar labarin sukutum ba ya samun komai a kanta, wanda ya rubuta guntun zance maimakon cikakkiyar jimla ana rage masa, haka wanda ya cusa misalan da ba a tambaya ba. Ki karanta sakin layi, ki rufe takardar, ki faɗa wa kanki da Hausa abin da marubucin yake nufi, sannan ki sa shi a gajeriyar jimlar Turanci.

Takardar furuci a rubuce ake yin ta a Najeriya. Ki kula da bambancin "p" da "f", da "b" da "v", da gaɓar da ake dannawa a kalma. Sauraron labaran Turanci a rediyo minti 15 kullum yana taimakawa ƙwarai.

Daga yau ki ajiye haddar. Kowane mako ki ɗauki tambaya ɗaya daga takardun shekarun baya, ki sa agogo minti 50, ki rubuta insha'i, ki kai wa malaminki ya duba da tsauri irin na WAEC. Ki ƙirga kurakuran, ki rubuta adadin a saman takardar. Idan na wannan makon 30 ne, ki nemi na mako mai zuwa ya sauko 25. Bayan wata ɗaya ki sake rubuto mini, ki gaya mini nawa suka rage.