Amsar muryar da aka turo kan kwalbatin bakin kasuwa da kuɗin ƙaramar hukuma

Assalamu alaikum jama'ar gida. To, na saurari saƙon ƙanena da ya turo hoton kwalbatin bakin kasuwa, yana tambaya wai tunda Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu, ina kuɗin suke, me ya hana a gyara. Na ga kuma kun yi caa a kai, wannan ya ce ciyaman ne ya cinye, wancan ya ce gwamna ne. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta yi ƙasa ya bari sai dare.

Ƙanena, na gane abin da kake tambaya. So kake a nuna maka wanda za a kama da laifi. To ni da na yi aiki a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma har na ajiye, zan gaya maka yadda kuɗin ke tafiya, kai ma sai ka ga inda ya kamata a tsaya.

Kuɗin ƙaramar hukuma, kusan dukkansu daga Abuja suke zuwa. Duk wata ana zaman rabon arzikin ƙasa, tarayya ta ɗauki kashi 52.68, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.6. A harajin VAT kuma suna da kashi 35. Kun ji kamar da yawa ko? Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin da ake rabawa sun ƙaru, wannan gaskiya ne, babu mai musu. Amma tsarin mulkin 1999, sashe na 162, ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa da ƙananan hukumominta, nan kuɗin suke sauka. To a nan ake yanka. Kafin ma'ajinmu ya ga ko sisi, an cire albashin malaman firamare, an cire na ma'aikatan lafiya da na sakatariya, an cire fansho, an cire kason masarauta, an cire na horar da ma'aikata, sannan a ce akwai aikin haɗin gwiwa da jiha za ta yi a madadinku, shi ma a cire. Abin da ya rage shi ake turo wa ciyaman. Kuma ku tuna mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, kun ga wajen albashin ma ya kumbura.

Hukuncin da kake magana, ranar 11 ga Yuni... a'a, Yuli, 11 ga Yulin 2024 aka yanke shi. Ministan shari'a Lateef Fagbemi ne ya kai jihohi 36 ƙara, kotu ta ce a riƙa tura kuɗin kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantoma ko kwamitin riƙo. Hukunci mai kyau, na yi murna da shi. Amma har aka shekara da yanke shi ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana kukan ba a aiwatar ba. Ko a 2019 ma hukumar NFIU mai sa ido kan zirga-zirgar kuɗi ta kawo ƙa'idar cewa kada a ciri tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka yi ta faɗa da ita. Saboda haka wanda ya ce gwamna, yana da gaskiyarsa. Sai dai ni yau ba can zan tsaya ba, don wannan kowa ya sani, kullum ana faɗa a rediyo.

Inda nake so ku duba shi ne ɗan abin da ya iso. Domin kwalbatin nan, wallahi ko da ɗan abin da ya iso ana iya gyara shi.

Akwai kwamitin kuɗi da ke zama a sakatariya, ciyaman ne shugaba, da mataimakinsa, da sakatare, da kansilolin da ke riƙe da sassa, da daraktan ma'aikata, da ma'aji. A nan ake karanta fayil ɗaya bayan ɗaya. Me ke cikin fayil ɗin? Dizal na janareta. Gyaran motar ofis. Man motar sintiri ta 'yan sanda, da alawus na 'yan sintirin unguwa. Taimakon mara lafiya da aka tura asibitin birni. Gudummawar gobara. Tallafin ma'aikatan rigakafi. Abincin azumi. Tarbar baƙi in kwamishina zai zo. Kuɗin zama. Ku saurare ni da kyau, ban ce duk wannan ɓarna ce ba. Matar da naƙuda ta zo mata da gardama aka ba mijinta kuɗin mota da na jini, wa zai ce an yi ɓarna? 'Yan sintiri kuma in ba a ba su ba, ku ne za ku fara kuka. Amma ku lura da abu ɗaya: kowane fayil a cikin waɗannan yana da mai bin sa. Mutum ne tsaye a bakin ƙofa tun safe, da takardarsa a hannu, ko ya zo da ɗan'uwan wani babba. Kwalbati kuwa babu mai tsaya masa a bakin ƙofa. Yashe magudanar ruwa babu mai bin fayil ɗinsa. Shi ya sa kullum a ƙasan tuli yake, har a tashi taro ba a kai kansa ba, a ce sai wata mai zuwa.

Bari in ba ku misali da abin da ya faru a hannuna, a wata ƙaramar hukuma da aka taɓa tura ni, ba sai na kama suna ba. Wani kwalbati ne mai baki biyu a hanyar da motocin hatsi ke bi ranar kasuwa. Da rani na je na duba shi, na shiga ƙarƙashi da tocila. Bangon gefe ɗaya ya tsage, har yatsuna biyu suna shiga, ruwa ya fara cin ƙasar da ke bayansa, baki ɗaya kuma ya toshe da yashi da ledar fiyawata har kusan rabi. Aikin da yake buƙata a lokacin: ɗan siminti, tifa ta tsakuwa, tifa ta yashi, birkila ɗaya da leburori, su yi 'yan kwanaki. Na rubuta, na ce mu yi da ma'aikatanmu, ba sai an ba da kwangila ba. Fayil ya hau sama. Aka dawo mini da shi an rubuta a ajiye tukuna. Na sake turawa da hoto. Aka ce a jira a haɗa shi da wasu ayyuka a fitar da kwangila ɗaya babba. A watan da aka ce babu kuɗin simintin nan, a watan aka sake fentin katangar sakatariya saboda baƙi. Ni na ga baucar da idona, don ta sashenmu ta bi.

Agusta ta zo, aka yi ruwan dare ɗaya, da asuba kwalbatin ya zauna. Wata motar hatsi ta maƙale a gefe, buhunan gero suka jiƙe, mai kayan yana tsaye yana salati. Mutanen ƙauyukan da ke bayan wajen suka koma zagaye, kuɗin acaɓa ya ninka, mara lafiya sai a amalanke. Sannan ne fa aka samu kuɗi. Aka ba da kwangilar sabon kwalbati, kuɗinsa ya ninka abin da na nema nesa ba kusa ba, aka kafa allo da sunan shugaba, aka zo da makaɗa aka yanke ƙyalle. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kuma ɗan kwangilar ma, da na je duba aikin, rodin da ya sa bai kai kaurin da aka rubuta a takarda ba, na ƙi sa hannu, aka nemi wani ya sa. Wannan kuma wata maganar ce daban, kada in shiga.

A'a, bari dai in ƙara ɗaya, tunda na fara. Giredarmu. Muna da gireda lafiyayya, da ita muke baje hanyoyin burji bayan damina. Tiyon mai ne ya fashe, sai taya ɗaya. Shi ke nan abin da ya same ta. Aka jingine ta ƙarƙashin darbejiya a bayan sakatariya, aka ce sai kuɗi sun zo. Batir ya ɓace, aka kwance fitilu, kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Direbanta, bawan Allah, kullum yana zuwa ya sa hannu ya zauna a inuwa ana biyan sa albashi ba aiki, shi kansa abin yana damun sa. Mu kuma duk shekara muna hayar gireda daga hannun ɗan kasuwa. Kuɗin hayar shekara ɗaya ya isa a sayi tiyon da tayar a samu canji. Daga ƙarshe aka yi gwanjonta a matsayin ƙarfen da ya mutu. To wannan ba gwamna ne ya yi ba, ba Abuja ba ce, a teburinmu aka yanke.

Kowa a cikinmu da ya tashi a gidan ƙasa ya san yaɓe. Kafin ruwan farko sai an hau soro an yaɓe, an gyara indararo. Wanda ya ƙi, a tsakiyar damina zai sayi azara sabuwa. Haka kayan gwamnati suke, amma kasafinmu an gina shi ne a kan sabon aiki, layin gyara in ma akwai shi ɗan mitsitsi ne, kuma shi ake fara ɗiba in wata buƙata ta taso.

Kuma fa wannan aikin ƙananan hukumomi ne a rubuce. Jadawali na 4 na tsarin mulki ya lissafa: hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa wa tituna suna da lambar gidaje, har lasin kekuna da amalanke. Kun ga babu gadar sama a ciki. Ƙananan abubuwa ne da ake yi kullum. Zamanin En'e, kafin gyaran 1976 da ya kawo wannan tsarin, iyayenmu sun ga leburorin hanya da duba-gari suna zagaye. Ban ce zamanin ya fi ba, an sha wuyar haraji da jangali, kuma Abubakar Rimi da Balarabe Musa da suka soke su a Kano da Kaduna bayan hawansu a 1979 sun kyauta wa talaka. Amma tun da kuɗi suka koma zuwa daga sama, mu ma muka daina tambaya, kamar ba namu ba.

Sai kuɗin shiga na cikin gida. Hajiya, ke da kike da rumfa a kasuwar nan, duk ranar kasuwa ana yankar miki rasit. Ki duba shi da kyau, akwai lamba a jiki? Akwai hatimi? Domin na san inda littafin rasit biyu ke yawo, ɗaya na ofis, ɗaya na aljihu. Kasuwar da ke cika maƙil, awaki da hatsi da tireloli, amma abin da ke shiga asusu ka ji kunyar faɗa. Da za a ce kuɗin kasuwar nan kaɗai a ware wani kaso a ce na gyaran hanyar kasuwa ne da magudanarta, ba sai mun jira Abuja ba. 'Yan kasuwa ma za su fi biya da daɗin rai in sun ga inda ya tafi.

Shi ya sa nake cewa zagin da kuke yi a nan ba ya isa sakatariya. Ciyaman ba ya cikin wannan zauren, in ma wani ya tura masa, cewa zai yi 'yan adawa ne. Abin da ke motsa fayil shi ne takarda da mutane a bayanta. Kansilan mazaɓarmu yana nan, kun san gidansa, tare muke sallah. Majalisar kansiloli ce ke amincewa da kasafin shekara, yana da baki a ciki. A nemi kofin kasafin bana a duba, nawa aka sa a gyaran kwalbati da magudana, nawa aka fitar. Ba sirri ba ne. Akwai ma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa in an rubuta mata. Kuma kasafin baɗi tun kafin ƙarshen shekara ake haɗa shi, in kuka bari aka rufe sai wata shekarar.

Ga abin da nake gani. Ƙanena, tunda kai ka ɗauki hoton, koma ka ɗauko ta ƙasa, inda bangon ya tsage, ka sa mutum ya tsaya a gefe don a ga girmansa. Ni zan zo bayan la'asar da tef in auna, in rubuta kayan da ake buƙata da farashin kasuwa na yau, don kada a ce mana aikin miliyoyi ne. Malam, kai ka iya rubutu, ka tsara takardar, shafi ɗaya ya isa, ban da zagi. Mai unguwa ya sa hannu, sarkin kasuwa da shugaban direbobin tasha su sa, liman ma in ya yarda. A yi kofi uku, ɗaya ga ciyaman, ɗaya ga shugaban sashen ayyuka, ɗaya a buga mana hatimin karɓa da kwanan wata mu riƙe. Kada wanda ya miƙa takarda ya fito ba hatimi, don gobe cewa za a yi ba a gan ta ba. Kuma a zaɓi mutum biyu da za su riƙa leƙawa duk mako har a kai ta zaman kwamiti. Wanda ke da lambar kansila ya turo mini ta gefe. Wassalamu alaikum.