Zauren Lissafi: Jimlar Layi na Goma, 512 ce ko 1024?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana sakandare a nan Jidda, an ba su aikin gida kan abin da suke kira musallas Baskal. Ya haɗa lambobin layi na goma ya samu 512, malaminsu ya ce 1024. Da aka canza lambobin gefe zuwa 1, 2, 3, 4 kuma, ninkawar da ya saba ta ƙi fita. Ina matsalar take? — Wata uwa, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Musallas Baskal alwatika ce ta lambobi: 1 a sama, 1 a kowane gefe, kowace lamba ta ciki kuma jimlar biyun da ke samanta ce. Haɗin yaron daidai ne, a wajen ƙirga layuka suka saɓa da malamin. Wannan 1 da ke zaune ita kaɗai a sama, masu lissafi layi na sifili suke ce mata. Ya riƙa duba lamba ta biyu a layi, ita ce sunan layin. Na goma shi ne 1, 10, 45, 120, 210, 252, 210, 120, 45, 10, 1, jimla 1024. Shi na tara ya haɗa.

Ya fi kyau ya gane dalilin ninkawar da ya haddace ta. Kowace lamba sau biyu take gangarowa layin ƙasa, sau ɗaya ta hagu, sau ɗaya ta dama. Layin 1, 3, 3, 1 yana haifar da 1, 1+3, 3+3, 3+1, 1. Ki ƙirga, ko 1 ta gefe sau biyu ta fito. Shi ya sa 8 ta koma 16.

Da aka taɓa gefe, layukan sun zama 1. Sai 2, 2. Sai 3, 4, 3. Sai 4, 7, 7, 4. Kowane gefe ya ɗara na samansa da ɗaya, gefen kuwa biyu ne. Saboda haka sai ya ninka ya ƙara 2: 1, 4, 10, 22, 46.

Idan zai gwada alwatikar asali a manhajar kwamfuta ta Excel, ya yi hattara daga layi na 50. Jimlarsa 1,125,899,906,842,624 ce, alƙaluma 16, Excel kuwa 15 yake nunawa, sai ya mai da lambar ƙarshe, wato 4, sifili.

Af, sunan Bafaranshe Pascal (Baskal) alwatikar ta ɗauka, amma masanin lissafi Al-Karaji ya bayyana ta a Bagadaza fiye da shekara 600 kafin Pascal ya rubuta nasa a 1654.